Ciwon Kan Kulasta: Kurakuran Da Ke Jinkirta Gano Shi Da Samun Maganinsa

Ciwon kan kulasta yana cikin ciwukan da suka fi tsanani a jikin ɗan Adam, amma kuma yana cikin waɗanda aka fi daɗewa ba a gano su ba. Yana kama kusan mutum ɗaya cikin dubu, galibi yana farawa ne tsakanin shekara 20 zuwa 40 da haihuwa, kuma ya fi kama maza a kan mata. Masu fama da shi kan shafe shekaru suna yawo daga wannan likita zuwa wancan kafin a samu wanda ya kira cutar da sunanta. Babban dalilin wannan jinkiri shi ne babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna shi. Daga labarin da mara lafiya ya bayar ake gane shi, don haka yawancin kurakurai suna aukuwa ne wajen ba da labarin ko wajen sauraronsa.

Ƙa'idojin da Ƙungiyar Nazarin Ciwon Kai ta Duniya ta fitar a bugu na uku na 2018 sun fayyace yadda ciwon yake. Raɗaɗi ne mai tsanani a ɓangare ɗaya na kai, a cikin ido ko samansa ko gefen goshi, wanda ke ɗaukar minti 15 zuwa 180 idan ba a yi magani ba, kuma yana iya tashi daga sau ɗaya a kwana biyu har zuwa sau takwas a yini. A ɓangaren da ke ciwon, ido kan yi ja yana zubar da hawaye, hanci ya toshe ko ya riƙa yoyo, fatar ido ta kumbura ko ta sauko, goshi ya yi gumi, mutum kuma ya kasa zama wuri ɗaya. Sai an samu tashi biyar aƙalla masu wannan siffa kafin a tabbatar da cutar. Ga mafi yawan mutane ciwon yana zuwa ne zango-zango, ya yi makonni ko 'yan watanni yana tashi kullum, sannan ya ɓace tsawon watanni ko shekaru. Kaɗan ne daga cikinsu, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ciwon ke zame musu na dindindin, ya yi shekara ba tare da hutun da ya kai wata uku ba.

Ba da labarin zafi a manta da lokaci

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne mutum ya shiga wurin likita ya ƙarar da lokacinsa wajen kwatanta tsananin azabar da yake sha. Ba a ga laifinsa ba, domin wanda ya ji kamar ana soka masa ƙarfe mai zafi a ido ba abin da zai fara fitowa daga bakinsa sai wannan. Sai dai tsanani kaɗai ba ya bambanta wannan ciwo da sauran ciwukan kai, kuma a lokacin da aka isa gaban likita tashin ya riga ya wuce, ido ya washe, gwajin jiki bai nuna komai ba. Abin da ke bambanta shi shi ne lokaci: ƙarfe nawa yake farawa, minti nawa yake ɗauka, sau nawa yake tashi a yini, ko yana tashin mutum daga barci bayan awa ɗaya ko biyu da kwanciya, ko kuma an taɓa yin irin wannan zango a baya a daidai wannan lokaci na shekara. Wannan bin agogo yana da tushe a cikin ƙwaƙwalwa, domin hotunan da masu bincike suka wallafa a 1998 sun nuna cewa sashen haifotalamus, wanda shi ke daidaita barci da farkawa, yana ƙara aiki a lokacin tashin ciwon.

Gyaran wannan kuskure ba ya buƙatar komai sai takarda da biro. A riƙa rubuta kowane tashi, da lokacin farawarsa da na ƙarewarsa, da ɓangaren da ya kama, da abin da ido da hanci suka yi, da maganin da aka sha da abin da ya biyo baya. Idan akwai wani a kusa, ya ɗauki hoton fuskar mara lafiya da waya a tsakiyar tashin, saboda jan ido ɗaya da saukowar fatarsa hujja ce da likita ba zai samu a ɗakin duba marasa lafiya ba. Kada kuma a ji kunyar faɗin abin da ake yi idan ciwon ya tashi, ko da safa da marwa ne cikin ɗaki, ko buga kai a bango, domin wannan rashin natsuwa yana cikin alamomin da ake ƙirgawa. Rubutun makonni biyu da aka yi da kulawa ya fi dogon bayani na baki amfani, kuma a ganina shi ne abu mafi daraja da mara lafiya zai shiga da shi asibiti.

Bin ciwon inda yake zafi

Jijiyar da ke ɗaukar wannan raɗaɗi ita ce babbar jijiyar fuska, wadda rassanta ke kaiwa ga ido da goshi da kunci da haƙora, don haka ciwon kan sauka a muƙamuƙin sama ko gefen hanci. Nan ne mutane da yawa ke ɓata. Wani ya tafi wurin likitan haƙori a cire masa haƙorin da ba shi da laifi, wani a ce masa kogunan hancinsa ne suka kumbura a ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani ma har a yi masa tiyata a hanci, wani kuma ya yi ta canza tabarau. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne zangon ciwon yana ƙarewa da kansa. Idan aka cire haƙori a mako na shida, ciwon kuma ya tafi a mako na bakwai, faɗuwa ta zo daidai da zama, sai mara lafiya da likitansa duk su gaskata cewa an gano bakin zaren, har sai ciwon ya dawo bayan shekara a nemi wani haƙorin.

Ciwon haƙori da kumburin kogunan hanci ba sa zuwa da ƙarfe biyun dare su tafi kafin ƙarfe uku su bar mutum garau. Duk raɗaɗin fuska da ke zuwa yana tafiya a kan lokaci, tare da hawayen ido ɗaya, ya cancanci a nemi ra'ayin ƙwararren likitan jijiyoyi kafin a amince da wani aiki da ba za a iya mayar da shi ba.

Haka nan ana yawan rikita shi da ciwon ɓarin kai, wato maigiren, tun da dukansu suna kama ɓangare ɗaya. Shi maigiren yana ɗaukar awa 4 zuwa 72, mai shi yana neman ɗaki mai duhu ya kwanta shiru domin motsi yana ƙara masa ciwo, alhali mai kulasta kwanciya ce ba ya iyawa. Tashin zuciya da ƙin haske suna iya zuwa da kowanne, don haka ba su isa hujja ba. Mata ne wannan kuskure ya fi cutarwa, saboda an daɗe ana koyar da cewa cutar maza ce, sai likita ya ga mace ya rubuta maigiren ba tare da ya tambayi tsawon tashin ba. Mutum ɗaya ma yana iya samun duka biyun, kuma idan haka ne ya kamata ya kwatanta kowanne daban.

Akwai wani kuskure ƙarami da ke jawo asarar shekara guda. Sau da yawa kafin ranar ganin ƙwararre ta zo zangon ya ƙare, sai mutum ya ga babu amfanin zuwa. A je, a tafi da rubutun da aka yi, domin ba sai ciwon yana nan ake gano shi ba, kuma lokacin hutu ne ya fi dacewa a shirya wa zango mai zuwa.

Yanke wa kai hukunci, da fahimtar hoto a baibai

Wanda ya karanta alamomin a intanet ya ga sun dace da nasa yana da dalilin kai maganar gaban likita, ya ce yana zargin wannan cuta kuma yana so a duba. Kuskure shi ne ya tsaya a nan ya fara neman magani da kansa. Akwai dangin wannan ciwo masu kama da shi ƙwarai, ɗaya daga cikinsu tashinsa gajere ne, minti 2 zuwa 30, sau da yawa a yini, kuma maganin indometasin yana tsayar da shi cak, maganin da galibi ba ya yi wa kulasta komai. Akwai kuma ciwon jijiyar fuska da ke fizga kamar wutar lantarki na 'yan daƙiƙoƙi. A wasu lokuta, ko da yake ba su da yawa, tsiro a fituwitari, wato ɗan ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, ko tsagewar bangon jijiyar jinin wuya, kan haifar da alamomi iri ɗaya, kuma wannan ne ya sa ƙwararru da dama ke neman hoton ƙwaƙwalwa na MRI sau ɗaya a farko. Idan hoton ya fito lafiya, abin da ake sa rai ke nan, kuma ba ya nufin mutum ƙarya yake yi ko damuwa ce kawai ke damunsa. Duk likitan da ya sallami mara lafiya da cewa hoto bai nuna komai ba, bai gama aikinsa ba.

Wasu alamomin kuwa ba na jiran ranar ganin ƙwararre ba ne. Ciwon kai da ya kai ƙololuwa cikin minti ɗaya, ko wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko raunin hannu ko ƙafa, ko harɗewar magana, ko ruɗewa, ko jan ido mai zafi tare da dusashewar gani da amai, ko sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50, duk na sashen gaggawa ne, ko da an riga an tabbatar wa mutum yana da kulasta.

Magani daidai, ta hanyar da ba daidai ba

Ciwon yana kai maƙura cikin 'yan mintuna, ƙwayar da aka haɗiya kuwa tana buƙatar rabin awa ko fiye kafin ta fara aiki. Shi ya sa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, a ƙa'idojinta na ciwon kai na 2012, ta ce kada a ba da farasitamol ko dangin ibufurofen ko magungunan dangin mofin ko ƙwayoyin tiriftan (dangin maganin maigiren) na haɗiya domin tsayar da tashin kulasta. Wanda ya dage a kansu yana ƙara adadi, ciwon bai ragu ba, ga haɗarin lalacewar ciki da hanta da kuma kamuwa da jarabar magani.

Abubuwa biyu ne aka fi tabbatar da cewa suna tsayar da tashin. Na farko shi ne tiriftan ta hanyar da ba ta haɗiya ba, wato allurar sumatiriftan ta miligiram 6 a ƙarƙashin fata, ko kuma feshin hanci na sumatiriftan ko zolmitiriftan, wanda bai kai allurar sauri ba. Ba a wuce allura biyu a awa 24, kuma ba a ba mai ciwon jijiyoyin zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Na biyu shi ne iskar oksijin tsantsa. A gwajin da aka wallafa a 2009, kashi 78 cikin ɗari na tashin da aka yi wa magani da oksijin sun lafa cikin minti 15, alhali kashi 20 ne kawai suka lafa da iskar gama-gari. Amma nan ma akwai tarko, domin mutane da yawa suna cewa sun gwada oksijin bai yi musu ba, idan aka bincika sai a tarar an ba su lita 2 ko 3 ne ta siririn bututun hanci. Abin da ake buƙata shi ne lita 12 zuwa 15 a minti ɗaya, ta abin rufe hanci da baki mai jakar tara iska, mutum yana zaune, tsawon minti 15 zuwa 20, kuma a fara da zarar ciwon ya taso. Ba a kunna sigari ko wuta kusa da tukunyar oksijin, mai daɗaɗɗen ciwon huhu kuma sai da izinin likitansa.

Tsayar da tashi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne hana shi zuwa. Maganin da aka fi farawa da shi shi ne berafamil, wanda asalinsa na zuciya da hawan jini ne, kuma wasu kan daina sha idan suka karanta takardar cikin kwali suna zaton an yi musu kuskure. Ba kuskure ba ne, sai dai yana ɗaukar makonni kafin ya kama, kuma tun da yana iya rage saurin saƙon lantarki a zuciya, dole a yi gwajin bugun zuciya na ECG kafin a fara da kuma duk lokacin da za a ƙara adadi. Kafin ya kama, likita na iya ba da firednisolon na ɗan gajeren lokaci ko ya yi allura a kan jijiyar ƙeya. Firednisolon yana aiki da sauri har mutum ya so ya ci gaba da shi, amma daɗewa a kansa yana raunana ƙashi yana kuma ɗaga sukari da hawan jini. A cikin zango, barasa ko kaɗan ce tana tayar da ciwon, haka ma maganin zuciya na naitirogilisarin, don haka wanda ke shan sa ya sanar da likitan jijiyoyi maimakon ya daina da kansa.

Abin da aka fi ɓoyewa shi ne halin da zuciya ke shiga. Tsananin ciwon da rashin barci na makonni suna kai wasu ga tunanin kashe kansu, kuma wannan sananne ne ga likitocin da ke kula da cutar. Faɗin haka ga likita yana sa a gaggauta magani, idan kuma tunanin ya yi ƙarfi a nemi taimakon gaggawa a take, a sanar da wani na kusa. Kafin a bar wurin ƙwararre, a roƙe shi ya rubuta sunan cutar da tsarin maganin a takarda, da adadin oksijin da irin abin rufe fuskar, da wanda za a tuntuɓa ranar da sabon zango ya fara, domin likitan da za a tarar a sashen gaggawa da tsakar dare mai yiwuwa bai taɓa ganin mai wannan ciwo ba.