Jirgin da ke cijewa a kwana: yadda na gyara

Alhamdu lillahi, ɗan jirgin ƙasanmu na wasa ya koma gudu kafin baje-kolin kulob ɗinmu na nan Aboabo, Kumasi.

Layin dogon wasan namu sikelin HO ne, 1:87, wato na gaske ya ninka shi sau 87, tazarar ƙarafansa milimita 16.5, yana aiki da wutar DC bolt 12. Tun da muka ɗauko tebura biyun da layin ke kai muka haɗa a zaure, kan jirgin ya kan rage gudu a kwanar nesa, ya yi gunji, ya tsaya cak. Na zargi ƙurar hunturu, na goge layi da tayoyi da tsumma da sifirit. Shiru. Na ari na'urar sarrafa gudu ta wani, nan ma haka.

Mitar awon wuta ce ta tona asiri. Na sa ta a awon DC bolt 20, na buɗe gudu har ƙarshe, na bar jirgin a kan layi, don in ba abin da ke jan wuta ba za ka ga faɗuwarta ba. Kusa da na'ura bolt 12, bayan mahaɗar tebura ƙasa da 5. Ashe ɗan ƙarfen da ke riƙe bakin layi biyu ya saki a jigila, cikinsa ya yi baƙi. A ido kuwa lafiya lau yake.

Na cire wuta, na zare shi, na sa sabo na matse da filaya. Sai na huda teburi da ƙaramin diril, na zuro wayoyi biyu daga babbar wayar da ke ƙarƙashin teburi, ja da baƙa, na liƙa kowace da dalma a gefen waje na ƙarfenta, don kada tayar ta hau kan dalmar. Ja ta bi ƙarfen da ja ke kai tun farko, in ka juya su wuta za ta haɗu.

Yanzu da taragai shida yake zagayawa. Na gode wa mai gyaran rediyo na kasuwar Kejetia da ya ara mini mita.