Kurakuran da masu fara shan kofin Habasha ke tafkawa

Na gaji wallahi. Sau uku ke nan a wata ɗaya ina ba mutum ɗan ƙullin kofin Yirgacheffe, wani yanki a kudancin Habasha, irin wanda ake gasawa kaɗan-kaɗan ba na gwangwani ba, sai ya dawo yana ce min "ai abin naka tsami gare shi, ko ya lalace ne?" Lafiyarsa lau malam, a hannunka ya lalace.

Bari in fara da wanda ya fi ci min rai, don ni na fara tafka shi. Shekarun baya wani abokina ya dawo daga Addis Ababa ya kawo min tsarabar rabin kilo, 'ya'yan ne ba a niƙa ba, kana buɗe ledar ƙamshi kamar furen lemo ya cika ɗaki. Ni kuma da zumuɗi na, ba ni da injin niƙan kofi, sai na miƙa wa ƙanwata na ce ta juye a blenda ta niƙe min duka in huta. Blendar da ake markaɗa tattasai da albasa da citta kullum fa, ta ce "ai Yaya na wanke ta tas". Kofi kuwa zuƙar wari yake kamar soso, kofina na farko da ƙamshin miyar dage-dage ya fito, na zauna ina kallon kofin kamar in yi kuka. Kuma ko da blendar sabuwa ce na riga na yi ɓarna, domin da zarar an niƙa kofi ƙamshin guduwa yake fara yi, kafin sati biyu abin da ya rage a kwalbar kamar garin katako. Rabin kilo, a banza. Tun daga ranar na sayi ɗan injin niƙa na hannu, babu abin da ke shigarsa sai kofi, kuma abin da zan sha a lokacin kawai nake niƙawa, giram 15 a ruwa mililita 250. Turmin yaji kuwa, don Allah kar ma ka kalli inda yake.

Na biyu shi ne sukari da madara, kuma nan ne muke faɗa da mutane. Duk a teburin mai shayi muka taso, Nescafé, madarar Peak, sukari cokali huɗu, ni ma har gobe ina sha da biredi. Amma haba jama'a, kofin da aka noma a tsaunukan Gedeo a kudancin Habasha, wajen tsayin mita 2,000, aka tsinci nunannu da hannu, aka wanke aka shanya, aka yi masa gashi mara ƙuna don kar a kashe ɗanɗanon, kai kuma ko kurɓa ba ka yi ba ka antaya masa madara rabin gwangwani? To me ka ɗanɗana? Wannan ɗan tsamin mai kama da na lemo shi ne abin da aka biya kuɗi a kai.

Ga yadda nake yi in sabon ƙulli ya shigo hannuna. In zuba garin a kofi, niƙa mai ɗan tsaki-tsaki, in zuba ruwan zafi, in bar shi minti huɗu ban taɓa ba. Sai in sa cokali in ture abin da ya taso sama, hancina dab da kofin, a nan ƙamshin ke tashi. In kwashe kumfar, sannan in zuƙa daga cokali da ƙarfi har da ƙara, irin zuƙar da in ka yi a gaban Baba sai ya harare ka. Kar ka yanke hukunci yana da zafi, harshe ba ya jin komai a lokacin. Jira ya ɗan huce ka sake, ya kusa sanyi ka sake, zaƙin kansa sai a nan yake fitowa. Wanda aka shanya da ɓawonsa ba a wanke ba ma har wani ɗanɗanon nunannen ɗan itace yake yi.

Sauran ƙanana ne. Ruwa in ya tafasa sauke shi ya yi kamar minti ɗaya, tsakanin digiri 90 da 96 ake so, 'yan Jos ku kam tudu ya hutar da ku, ruwanku a wajen 96 yake tafasa. Kar a sa kofin a firij kusa da busasshen kifi, kwalba mai murfi a inuwa ta isa. Ranar gashi za ka duba a leda, ni in ya wuce wata biyu ba na saye. Ruwan famfo mai warin kulorin ba ya yi. Kar ka ci goro ko tsire sannan ka zo ɗanɗano, kuma in an kunna turaren wuta a ɗakin, fita tsakar gida da kofinka.

Citta da kanumfari irin na jabana, kofin gargajiyar Sudan, ina son su sosai, amma kofi mai baƙin gashi nake zuba wa, Yirgacheffe ɗina ba su taɓa haɗuwa ba tun ranar blenda.