Yadda Ake Ƙyanƙyashe Tsantsar Kajin Asil a Gida

Asil, wadda asalinta daga Indiya da Pakistan ne, kaza ce mai faɗin ƙirji da zafin rai, kuma wanda yake son jininta ya tsaya tsantsa dole ne ya fara daga akurki tun kafin a zo maganar ƙwai. A ware kazar daga kowane zakara na aƙalla mako 3 kafin a haɗa ta da wanda aka zaɓa, domin barbarar da aka yi mata a baya tana iya ci gaba da tasiri har tsawon wannan lokaci, kuma a nan ne masu kiwo da yawa suke gurɓata iri ba tare da sun sani ba.

A tattara ƙwai masu tsabta, a ajiye su a wuri mai sanyi, kan mai tsini yana kallon ƙasa, kada su wuce kwana 7.

Ni dai na fi son a bar kazar ta yi kwanci da kanta, domin duk da ƙarancin ƙwanta, uwa ce ta gari. Idan kuwa injin ƙyanƙyasa za a yi amfani da shi, a tsayar da zafinsa a digiri 37.5 na ma'aunin Celsius, a riƙa juya ƙwan kullum har rana ta 18, sannan a ƙara danshi. A rana ta 7 a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu: wanda ya ɗauka zai nuna jijiyoyin jini kamar saƙar gizo, sauran kuwa a fitar da su kafin su zama baragurbi. 'Yan tsaki suna fitowa a rana ta 21.

Da zarar ƙananan zakarun sun fara saran juna, a raba musu akurki, domin wannan iri ba ya barin faɗa da wuri.