Fitarka ta farko da 'yan keken hawan dutse

Ranar da na fara bin 'yan ƙungiyarmu zuwa duwatsun Shere a gefen Jos, birkin gaba na damƙe a gangara, sai ga ni a ƙasa, gwiwa duk jini. To, in za ka gangara, ja jikinka bayan sirdi, ka riƙa taɓa birki biyun a hankali. Kada ka manne wa na gabanka, bar tazarar keke uku, don shi ke ganin ramin, ba kai ba. Rage iskar taya kaɗan, ta fi kama tsakuwa. Hular kwano dole ce, ruwa da faci da famfo a jaka. Tsere kuwa, bari sai ka san hanyar tukuna. Ni wata biyu na yi ina shan ƙurar mutane a baya.