Yadda nake duba tsofaffin ƙauyenmu

Kafin ka shiga gidan kowa, fara gaida mai unguwa. Shi ya san tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi cirani suka bar ta ita kaɗai. Ni ranar Juma'a nake zagawa, bayan an sauko daga masallaci.

Kada ka fara da miƙa kuɗi. Yi sallama, ka durƙusa: "Iya, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?" Bar ta ta yi hira, ko da labarin da ta ba ka wancan makon ne. Idonka kuwa na kan randa. Akwai ruwa? Itace fa? Da hunturu nakan riƙo bargo da man kaɗanya saboda kaushi. In zazzaɓi ne, kai ta asibiti, kada ka mai da kanka likita. Wayarka ta zauna a aljihu, ban da ɗaukar hoto.