Darasi na 7: Zaɓen Faifai da Gane Ƙaryar Inji

A darasin da ya wuce mun koyi haɗa injin neman ƙarfe da kunna shi. Yau za mu duba abin nan mai da'ira da ke ƙasan sandar, wanda ake shafa ƙasa da shi. A ajinmu faifai muke ce masa, don da faifan rufe ƙwarya ya yi kama.

A cikin faifan akwai wayar tagulla a nannaɗe. Wani sashe yana tura maganaɗisu cikin ƙasa, wani yana sauraron abin da ya dawo. Injin ba ya ganin komai. Bai san zinariya ba, bai san ƙusa ba. Kintace yake yi, sai ya yi ƙara ko ya nuna lamba. A yawancin injuna lambar daga 0 zuwa 99 take. Baƙin ƙarfe yana ƙasa, azurfa da jan ƙarfe suna sama. Zinariya kuwa, wadda kowa ke mafarki, tana faɗawa tsakiya ko ƙasa-ƙasa, wuri ɗaya da takardar Maggi mai ƙyalli da ɓallin gwangwanin lemo.

Mai sayarwa zai nuna maka babban faifai, inci 13 ko 15, ya ce shi ke shiga ƙasa da nisa. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Babban faifai yana jin babban abu mai zurfi a fili mai tsabta, kamar jigawar rairayi da ba a taɓa zama a kanta ba. Kai shi kufai ko gonar da ta sha takin juji shekara da shekaru, sai ya rikice. Ƙusa, guntun langa da tsohon kwabo duk za su shiga ƙarƙashinsa lokaci guda, ƙarar ƙusar ta danne ta kwabon. Ga nauyi kuma. Kafin azahar kafaɗa ta gaji.

Ƙaramin faifai, inci 5 ko 6, ba ya zurfi sosai, amma yana tsintar abu ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Yana shiga tsakanin kunya da kunya, da gindin kara. A ganina, wanda zai sayi faifai ɗaya tak a ƙasarmu ya ɗauki matsakaici, inci 9 zuwa 11. In kuɗi ya samu daga baya, ƙarami zai ƙara, ba babba ba.

Bayan girma akwai siffa. Wani faifan zobe ne a cikin zobe, jinsa yana tsukewa ƙasa kamar mazurari. Ya iya nuna daidai inda abu yake. Wani kuma ana kiransa DD, don wayarsa kamar harafin D biyu ne da suka ɗan hau juna. Shi jinsa siriri ne dogo, kamar kaifin wuƙa. A jar ƙasa da wurin marmara DD ya fi natsuwa, domin irin wannan ƙasar tana da sinadarin ƙarfe a jikinta, ita kanta tana sa inji surutu. Aibinsa ɗaya: murfin kwalba mai tsatsa yana yaudararsa ƙwarai.

Wani ɗalibinmu ya zo aji ran Asabar da ƙunshi a aljihu, fuska cike da fara'a. A bayan garinsu inji ya yi masa ƙara, ya haƙa kusan kamu guda, ya ciro wani baƙin dunƙule mai ramuka kamar soso, mai nauyi. Ya ce, "Malam, duba mini wannan." Na kara masa mayen ƙarfe, ya ɗan kama. Na ce, "Baba, kashin maƙera ne." Ba abin kunya ba ne. An narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma ƙasar Kano cike take da wuraren da maƙera suka zauna suka tashi. Abin da suka zubar yana nan kwance.

To yaya za ka gane ƙarya kafin ka sa diga?

In ka ji ƙara, kada ka yi sauri. Shafa wurin dama da hagu sau uku ko huɗu, faifan dab da ƙasa, a kwance, kada ka ɗaga shi a ƙarshen shafa. Sannan ka zagaya: in da gabas kake fuskanta, koma ka fuskanci arewa, ka sake shafawa. Kwabo ko zobe zai ba ka ƙara ɗaya, lambar ba ta motsawa sosai. Ƙusa da waya mai tsatsa sukan yi daɗi ta gefe ɗaya, ta ɗayan kuma su kakkarye, lambar ta yi ta tsalle. Sai ka ɗaga faifan kamar taƙi biyu. In har yanzu ƙarar na nan da ƙarfinta, babban abu ne, galibi gwangwani ko guntun kwano.

Wani lokacin dutse ne kawai. Ture shi da ƙafa ka sake gwadawa. In ka kankare ƙasa da fartanya ƙarar ta ragu, ƙasar ce ke magana. Abin gaske ƙara ƙarfi yake yi in ka matso shi. Nemi wuri mai tsabta ka daidaita injin da ƙasa, kana ɗaga faifan kana saukewa har ya yi shiru. Kusa da wayar lantarki ko wani injin, rage ƙarfin jinsa. Ka kuma duba kanka: wayar salula a aljihu, zobe a yatsa, fartanya a kusa.

Kada ka shiga gonar wani ko kufai sai da izinin mai wurin da mai unguwa, kuma ka cike ramin da ka haƙa don dabbobi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce haƙar ma'adinai sai da lasisin gwamnatin tarayya. Kayan tarihi kuwa a sanar da hukumar gidajen tarihi, kamar Gidan Makama a Kano.

Aikin gida: samo ƙusa, murfin kwalba, takardar Maggi, guntuwar marmara da tsohon kwabo mai huji. Binne kowanne taƙi ɗaya, taku biyu tsakaninsu. Shafa kowanne ta gabas da ta arewa, ka rubuta lambobin a littafinka, ka zo da shi mako mai zuwa.