Yadda za ka koya ma babban mutum karatu bai gudu ba

Masu buɗe ajin yaƙi da jahilci cikin unguwa, wannan naku ne. Babba ba ɗan lakwal ba ne, matar da ta wuni tana saida ƙuli a babbar kasuwa ko ɗan kabu-kabu da ya sha rana ba za su zauna kana rera masu a be se de kamar ƴan CI, wato ajin farko na lakwal, ba, kwana kaɗan za ka ga tabarma ta koma wayam.

Ka fara da sunanshi. Ran farko kowa ya tashi da sunanshi rubuce a kaye da hannunshi, ko da ya karkace, don abin da ya kawo yawancinsu ke nan, su daina dangwala yatsa a takarda gaban mutane.

Sannan wasula biyar, a e i o u, sai ka ɗauko baƙi guda ka auna shi da su, ba be bi bo bu. Kar ka tsaya kan sunan harafi, sautin ake so. Kuma mafi yawan mutanenmu sun yi makarantar allo, to ka yi amfani da wannan, ka ce masu ba ai wasalin bisa ne, bi wasalin ƙasa, bu rufu'a, nan take za ka ji an ce ashe dai abin da muka sani ne. Abin da ya bambanta kawai boko daga hagu yake tashi zuwa dama, wannan kam sai ka yi ta tuni, hannu ya saba da wancan gefen. Da an samu gaɓoɓi kaɗan a haɗa kalma, baba, tuwo, gero, kuɗi, abin da ke bakinsu kullum.

Inda ake shan wuya shi ne rubutun Faransanci da ya cika gari. Ka koya ma mutum u, ya fita ya ga allon hanya an sa Guidan Roumdji ko Tchadoua, a tasha ma Dan Issa, sai ya dawo ya ce mushe ai ba haka ka ce ba. Ka gaya mashi tun wuri hannu biyu ne, ou na Faransanci shi ne u namu, tch shi ne c, dj shi ne j, ka rubuta Gidan Rumji kusa da wancan ya gani da idonshi. Mu muna da ƙa'idarmu, tun 1999 gwamnati ta tsaida yadda ake rubuta Hausa a Nijar, har da ƴ mai ƙugiya inda ƴan Najeriya ke sa 'y. Masu ƙugiyan nan ɓ ɗ ƙ ka bar su sai an ɗan yi nisa, amma kar ka tsallake su, kafa daban ƙafa daban.

Lokaci kuma kar ya wuce awa guda, mata bayan azahar, maza bayan isha'i in akwai fitila. Da damina kar ma ka wahal da kanka, kowa na gona.

In an kama gaɓoɓi sai a koma kan salula, kowa ya sa sunan ɗanshi ko na mai shago a lambobinshi, ya nemo shi da kanshi, daga nan a gwada tura saƙo gajere a WhatsApp maimakon murya. Ƴan kasuwa kuma ka sa su buɗe shafin bashi a kaye, suna a hagu, kuɗi a dama, ka nuna masu jaka guda 1000 ake rubutawa, dala ashirin 100, don lissafin baki da na takarda ba ɗaya suke tafiya ba.